Babur ɗin Ruwa a Garejina: Littafin Aikin Kafireta

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Da hantsi muka je siton Alhaji muka ɗauko shi. Mutum shida suka cicciɓa shi zuwa bayan a-kori-kura, kuma kafin mu iso gareji yara sun yi mana jerin gwano, 'yan kabu-kabu na rage gudu suna tambaya ko moto ce ko jirgi. Ni dai babur ɗin ruwa nake ce masa. Yamaha WaveRaider ne, inji mai 701cc, silinda biyu, irin mai ƙona fetur haɗe da man inji, kamar mobileti da Yamaha Mate da muka koyi aiki a kansu muna yara.

Alhaji ya sayo shi a Kwatano tare da motocin da yake shigowa da su, tun kafin a rufe iyakar Gaya a 2023, kuma tun da ya zo Maraɗi bai taɓa ruwa ba. Makanikai biyu sun sa masa hannu kafin ni. Da zan tafi Alhaji ya ce, "Malam, in zai tashi ka tashe shi. In ba zai tashi ba ka gaya mini gaskiya, kar mu yi ta zuba kuɗi a rijiya." Na ce, "Alhaji, a ba ni wata biyu, kuma kar a matsa mini."

Ban taɓa kafireta ba yau. Injin da ya yi shekaru a ajiye, abin da ake fara tambaya shi ne ko yana da sauran ƙarfi. Na cire buji biyun, wato fulogi, na zuba cokali guda na man inji a kowace silinda, na bar shi har bayan la'asar. Da ya juya ya tofar da man, na ɗaura gejin auna matsin cikin silinda: silindar gaba 148, ta baya 145. Alhamdu lillahi, inji lafiya lau. Ciwon yana wajen mai ne.

Zan riƙa rubuta komai a nan, domin lambobin za su yi yawa, kuma wata rana irinsa zai faɗo hannun wani makanike a garin nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Mun juye tanki. Abin da ya fito ba fetur ba ne kuma: launinsa kamar shayin da ya kwana a buta, warinsa kamar tsohon fenti, a ƙasansa kuma ruwa ya kai kofi guda. Mun wanke tankin sau uku, mun canza tiyon mai daga tanki har inji.

Da yamma muka sauke kafiretocin. Guda biyu ne a haɗe, Mikuni ƙirar Japan, kowace faɗin maƙogwaronta milimita 38, kowace na ciyar da silinda ɗaya. Yarona ya juya su sama da ƙasa, ya ce, "Maigida, ina kofin man?" Babu. Ba kofi, ba fulot. Shekara 22 ina buɗe kafiretar moto da ta janareta da ta injin ban-ruwa na masu lambu a bakin Gulbi, duk da kofi a ƙasansu. Dalilin rashinsa a nan a fili yake: abin da zai yi tsalle a kan igiyar ruwa, ya karkata, wani lokaci ma ya kife, ba za a sa masa kofin da mai zai riƙa tangaɗi a ciki ba. Sai aka yi masa dabarar da za ta ba da mai ko a tsaye yake ko a kwance.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yau na rufe ƙofar gareji na hana karɓar aiki, na shimfiɗa farin buhu a kan tebur, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in warware komai na ƙirga juyin sukurori. Kowace kafireta na da sukuru biyu na saiti, ɗaya na ƙaramin gudu, ɗaya na babban gudu. Ana murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ana ƙirgawa, ba a matse shi da ƙarfi domin bakinsa tsini ne mai saurin lalacewa. Na ƙaramin gudu a ta gaba na same shi a kwata, a ta baya kuwa juyi biyu da rabi. Nan na ga sawun waɗanda suka riga ni, kuma ban ga laifinsu sosai ba. A yawancin motocinmu masu taya biyu, in ka warware sukurun gefen nan iska kake ƙarawa. A nan duka biyun sukurorin mai ne: ka warware, mai ya ƙaru, ka ɗaure, mai ya ragu. Wanda ya zo da hannun moto zai yi ta tafiya gabas alhali maganin yana yamma.

Ga yadda cikinta yake. A gefe ɗaya akwai famfon mai, a jikin ɗaya daga cikin biyun, shi ke ciyar da su duka. Ba wuta ke juya shi ba. Wani siririn tiyo ne ya taso daga cikin inji, fistin na hawa da sauka yana hura iska yana zuƙewa, wannan numfashin ke kaɗa wani tantani mai kama da farar leda, shi kuma ya jawo mai daga tanki. Man zai bi ta wata 'yar rariya da ba ta kai kan ƙaramin yatsa ba, sannan ya isa bakin allura. Wanda ya yi saura yana komawa tanki ta wani ɗan huji.

A ɗaya gefen akwai baƙin tantani na roba mai faifan ƙarfe a tsakiya. Shi ne ya maye gurbin fulot. Allura a rufe take, sifirin ya danne ta ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai kama da ma'aunin sikeli. In inji ya zuƙi mai, tantanin ya lotsa ciki, ya taɓa ƙarfen, allura ta ɗaga, mai ya shigo daidai wanda aka sha. A ƙarƙashin wani murfi mai siffar ƙoda kuma jet biyu suke, wato 'yan ƙarafa masu hujin da ke auna man da zai wuce, ƙarami da babba, tare da wata 'yar leda da ke hana iska komowa ta baya lokacin da inji ke silo.

Abin da na tarar: rariyar ta gaba ta toshe da baƙin datti har haske ba ya ratsa ta. Baƙin tantanin duka biyu sun bushe sun yi tauri kamar ganda, in ka lanƙwasa sai ka ji suna ƙara. 'Yar ledar ta baya ta naɗe kamar busasshen ganye. Bakin allurorin ya ci, an ga zobe a jikin robar. Da irin wannan ko sukurori na daidai ba abin da zai tashi.

Kusoshin murfin sun ba ni wuya. Ƙirar Japan ce, akwai ɗigo a kansu, sukudireba mai kan kuros na kasuwa ba ya zama daram a cikinsu, sai ya cinye kan. Uku an riga an cinye su. Da sukudireban bugawa na fitar da su.

Wanki kuwa, sai da na cire duk abin da yake roba kafin in fesa maganin wanke kafireta, domin yana cin roba. Na hana yarona zura waya a jet. Mun saba da wannan a moto, amma hujin da aka auna shi da abin da bai kai kaurin gashi ba, waya na shiga sau biyu ta faɗaɗa shi. Wurin da na fi daɗewa shi ne ƙananan hujin da ke gindin faifan totur. Na fesa ta ramin ƙaramin jet, na toshe sauran hanyoyi da yatsa, ina leƙen maƙogwaro. A ta gaba huji ɗaya kawai ke feshi. Sai a karo na shida, bayan jiƙo da iskar kwamfuresa, dukansu suka buɗe suka yi feshi tsaf.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na zaga masu kayan moto a babbar kasuwa, ba wanda ya taɓa ganin irin tantanin nan. Na aika hoto Kano ta WhatsApp. Wani dillali ya ce akwai, zai ba direban Jibiya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kaya sun iso shekaranjiya, kuma raina ya ɓaci. Jika 18 na biya aka ce mini na asali ne. Tantanin kauri gare shi kamar an yanko daga tuf ɗin taya, hujin kusoshi bai hau daidai ba, sifirin ɗin ba a san nauyinsa ba. Na kira dillalin ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma ina da shaida.

Shaidar ita ce na'urar da na haɗa da hannuna: famfon keke, gejin iska mai kai 100, mahaɗin tiyo mai baki uku. Da ita ake auna abin da ya fi komai muhimmanci a wannan kafireta, wato yawan matsin da ke tilasta wa allura ta buɗe. Ana cire baƙin tantani, a toshe hanyar da mai ke komawa tanki, a ɗiga fetur a kan allurar domin a jiƙe ake gwadawa, sannan a yi ta buga iska ana kallon geji. A wani wuri za ka ji "fus", allura ta ɗaga, gejin ya faɗo. Lambar da ya kai kafin ya faɗo ita ake nema. Bayan nan kuma dole allurar ta koma ta rufe, gejin ya tsaya cak.

Abu biyu ke yanke wannan lamba: faɗin mazaunin allura da ƙarfin sifirin. Mikuni na da sifirin iri huɗu, giram 65, 80, 95 da 115, ana gane su da launi. Baƙi shi ne 80, mai ruwan zinariya shi ne 115. A jadawalinsu, mazauni mai lamba 1.5 da sifirin 115 yana buɗewa a 55, da na 95 a 43, da na 80 a 38. In mazaunin 2.0 ne, na 115 ɗin nan dai a 32 zai buɗe. Wanda na ciro a injin nan 1.5 ne da mai ruwan zinariya, ke nan 55 nake nema, sama da iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota.

Da kayan dillali, ta gaba ta buɗe a 38, ta baya a 61, sannan duka biyun gejin ya yi ta zurarewa har ƙasa. Da na rufe ido na ɗaura su, silinda ɗaya za ta riƙa shaƙewa da mai, ɗaya na mutuwa da ƙishirwa, ni kuma in kwana ina murɗa sukuru ban san inda cutar take ba. In lambar ta yi sama, mai ba ya zuwa da wuri lokacin da aka fara matsa totur. In ta yi ƙasa, mai na kwarara tun ba a nema ba.

Yarona ya ce mu datse sifirin ɗin da ya yi ƙarfi, mu ja wanda ya yi laushi. Na ce a'a. Sifirin da aka datse yau zai ba ka lamba, gobe ya ba ka wata.

Na je na gaya wa Alhaji kuɗin nan sun tafi. Ya ce akwai abokin kasuwancinsa da ke Dubai yanzu, in rubuta abin da nake so.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na asali sun zo, a ledar kamfani. Tantanin laushi kamar fatar kunne. Na daidaita ɗan ƙarfen allura ya yi kai ɗaya da jikin kafireta, na duba da gefen reza. Ta gaba 55, ta baya 54, na maimaita sau uku-uku. Bayan buɗewa gejin ya tsaya, na je na yi sallar azahar na dawo yana nan inda na bar shi.

Litinin, 2 ga Disamba

Maganar mai tukuna. Injin na da famfon da ke zuba masa man inji da kansa, amma tiyonsa sun tsufa kuma ba ni da hanyar tabbatar da lafiyarsa. Na cire shi na toshe, za mu riƙa haɗawa da hannu: rabin lita na man injin jirgin ruwa mai alamar TC-W3 a jarka mai lita 20, wato kashi 1 cikin 40. Fetur kuma daga gidan mai kawai, na matatar SORAZ ta Damagaram, sefa 499 lita, dala ɗari ba tamma ɗaya. Na kwalba a bakin titi ba zai shiga tankin nan ba. Ba raina sana'ar 'yan ruwa-ruwa nake ba, ni ma a wurinsu nake sha a motona, amma rariyar da na gani ranar 7 ga wata ba za ta ɗauki ƙura da ruwan da ke shiga kwalba ba.

Injin da ruwan tafki yake sanyaya kansa, don haka a gareji sai an haɗa masa tiyon famfo. Ƙa'idar ba ta canzawa: inji ya fara tashi sannan a buɗe ruwa, a rufe ruwa sannan a kashe inji. In aka juya, ruwan zai cika salansa ya gangaro cikin silinda.

Bugu na huɗu ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe gareji, maƙwabta suka fito. Murnar ba ta yi minti ɗaya ba, sai na ji gudun yana hawa da kansa ba wanda ya taɓa totur. Na rufe ruwa, na ja cok har ƙarshe ya mutu. Gabana ya faɗi sosai, domin na san ma'anarsa: iska na shiga ta inda bai kamata ba.

Na sake sauke kafiretocin, na yanka faranti na ƙarfe da robar tuf na toshe bakin shiga da bakin salansa, na buga iska 6 a cikin inji ta siririn tiyon famfo. Cikin minti biyu ta zube. Muka bi ko'ina da ruwan sabulu. Kumfa ta tashi wuri biyu: a gasket ɗin da ke ƙarƙashin mazaunin kafireta, wanda wani ya mayar da tsoho, da kuma jikin siririn tiyon kansa. Wannan na biyun laifina ne. Ranar da muka canza tiyo na duba shi na ga kamar lafiya, na bar shi. Ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai. Na yanka sabon gasket, na sa sabon tiyo, iska ta tsaya a 6 har minti goma.

Da ya sake tashi, silo ya zauna. Yarona ya ce, "Maigida, ai an gama." Na ce ko rabi ba mu yi ba. A tudu farfela iska kawai take kaɗawa, kowane inji zai yi daɗin ji. Sai ya ɗauki nauyin ruwa ake sanin gaskiyarsa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Madarunfa. Mai walda ya haɗa mana amalanke da tayoyin mota, muka ja shi bayan sallar asuba. Tafiyar ba ta wuce kilomita 25 ba. Daminar bana ta yi ƙarfi, mun ga ɓarnar da ta yi a Maraɗi, shi ya sa tafkin ke cike har yanzu.

Ban sauke komai ba sai da muka je muka gaida dattijon masunta. Na durƙusa na ce, "Baba, mun zo da baƙon abu ne, muna neman izini." Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa ƙasansa, ya ce, "Yaro, ruwan nan abincinmu ne." Ya gindaya sharuɗɗa: sai an ɗebe taru da hantsi, kar mu wuce inda zai nuna mana, kar mu kai ƙara ɓangaren kaburburan waliyyai. Kuma ɗansa ne zai hau, domin shi ya san inda ruwa ke da zurfi. Na ji daɗin wannan. Yamaha sun ce kar a tashe shi a ruwan da bai kai santimita 60 ba, saboda yana zuƙo yashi ta ƙasa, ni kuwa ban san tafkin ba. Saurayin ya shiga da gora yana aunawa har ya samo mana wuri.

Maganar Baba ta tsaya mini a rai. Irin wannan inji yana zubar da wani kaso na mansa ta salansa ba tare da ya ƙone ba, har a Amurka an hana shi shiga tafkin Tahoe tun 1999. Na yi alkawari ba za mu wuce awa biyu ba a kowane zuwa.

Mun tura amalanken cikin ruwa, babur na ɗaure a kansa, farfela ta nutse. Na naɗa wayar ƙaramin agogon gudu a wayar buji. Bayan ya yi zafi na saita silo a 1,250. Daga nan aikin kunne da haƙuri: a matsa totur farat ɗaya a saurara. In ya yi shiru kamar an shaƙe shi sannan ya ɗauka, ko ya mutu, mai ya yi kaɗan. In ya yi ta kakari yana aman hayaƙi kafin ya washe, mai ya yi yawa. Na fara da juyi ɗaya, yana kakari. Ina ragewa kashi ɗaya cikin takwas, duka biyun tare. A rabi ya fara shiru. Na dawo uku bisa huɗu, nan ya riƙa amsawa nan take.

Sukurorin babban gudu na bar su a buɗe da gangan, juyi ɗaya da rabi. Saurayin ya sa rigar kariya, na ɗaura masa igiyar kashe inji a wuyan hannu, ya tafi. Ruwa ya tsage biyu a bayansa, mutanen bakin tafki suka ɗauki sowa. Na tsaya ruwa har gwiwa, idona ya ciko.

Ɗan Alhaji da ya biyo mu ya ce yana jin kamar injin bai saki ba a sama. Gaskiyarsa. Ya ce, "Kawu, ɗan ƙara ɗaure shi mana ya yi kuka sosai." Na ce ba yau ba. Na zaunar da shi a bakin amalanke na yi masa bayani, domin shi zai riƙa hawa. Injin da mai ya yi masa kaɗan ya fi kowane daɗin kuka, ya fi kowane gudu, na ɗan lokaci. Fetur ne ke sanyaya kan fistin, kuma man inji a cikin fetur ɗin yake. Ka rage ɗaya ka rage duka. Moto a titi tana canza giya, tana gangara, tana hutawa. Wannan ba giya, ba gangara, kamar mai hawa tudun yashi da kaya ne ba sauka. Minti kaɗan ya isa fistin ya kumbura ya kama silinda, a tsakiyar ruwa.

Talata, 10 ga Disamba

Hazo ya sauko. Na buɗe murfin inji na ga ƙura ta kwanta a bakin kafireta. Abin da ke kansu ba matatar iska ba ce irin ta moto, ragar ƙarfe ce kawai da aka sa don kar wuta ta fito ta kama tururin fetur a cikin jirgin. Waɗanda suka ƙera shi teku suke tunani, ba hunturun Maraɗi ba. Na wanke ragar, na sa tela ya ɗinka masa riga ta tamfol, kuma na hana tashinsa a gareji. A hanyar Madarunfa ma za mu riƙa toshe hanyoyin iska da tsumma, mu cire a bakin ruwa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na zaɓi safiyar sanyi da niyya, kuma Baba ya yarda muka shiga da wuri tun da ba a yi shimfiɗar taru a ɓangarenmu ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, inji ya fi buƙatar mai a cikinta. Tsakanin safiya mai digiri 15 da ranar bazara mai digiri 42, nauyin iska na raguwa da wajen kashi 9 cikin ɗari. Saitin da ya ƙoshi da sanyi, in zafi ya zo sai dai mai ya ɗan yi yawa, buji ya yi baƙi, ba asara. Wanda aka yi shi daidai-wa-daida a watan Afrilu kuwa, shi ne zai ci fistin a Disamba.

Na manna agogon gudu inda saurayin zai gani. Kowane zagaye ya buɗe totur duka na ɗan lokaci, ya dawo ya faɗa mini lamba, ni kuma in ɗaure kashi ɗaya cikin takwas. Na farko 6,050. Sai 6,130. Sai 6,190. Sai 6,230. A na gaba lambar ba ta motsa ba. Nan ne bakin rami. Na koma baya, na sadaukar da gudu kaɗan, ya zauna a wajen 6,180.

Sannan gwajin buji. Na sa sababbi, NGK BR8HS. Na ce ya taho da cikakken gudu, in ya kusa ya fizge igiyar ba tare da ya saki totur ba, domin in ya yi silo launin zai ɓace. Muka jawo shi da hannu. Na gaba ya fito da launin ƙuli-ƙuli, abin da nake nema ke nan. Na baya ya fi haske, kamar gyaɗar da ba ta gama soyuwa ba. Silindar baya ta fi ɗaukar zafi a waɗannan injuna, don haka na ƙara mata kwata. Zagaye biyu bayan nan suka zo launi kusan ɗaya.

Inda na tsaya: ƙaramin gudu uku bisa huɗu duka biyun, babban gudu, ta gaba ɗaya da kwata, ta baya ɗaya da rabi. Wannan na injin nan ne, da man nan, a tafkin nan. Wanda ya kwafa ya ɗora wa nasa ba tare da geji da buji ba, ban ba shi shawara ba.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Alhaji ya zo da kansa ya zauna a inuwa yana kallo. Zagaye na uku sai injin ya riƙa ihu, gudun agogo ya haura, amma babur ɗin ba ya tafiya, yana karkarwa. Na yi wa saurayin hannu ya kashe. Zuciyata ta tafi wajen kafireta kai tsaye, har na ɗauko sukudireba. Baba da ke gyaran koma a gefe ya ce, "Yaro, bar cikinsa, duba ƙasansa."

Muka cire igiyar kashe inji, muka karkata shi. Guntun tsohon taru da ciyawa sun naɗe a ragar da ruwa ke shiga, wani ya kai har jikin farfela. Da na taɓa sukuru da na ɓata aikin wata biyu a kan abin da ba shi ne ba. Muka yanke da wuƙar Baba. Na duba ɗan bututun gefe na ga ruwan sanyaya inji na fita da ƙarfi, tun da daga wannan farfelar yake samun ruwa. Ya koma ya ba da 6,180 kamar da.

Alhaji ya ce a kai masa gida. Na roƙe shi ya bar mini shi a gareji tukuna. Akwai saura: sandar cok ta baya tana da ɗan wasa, ina so in sa mata sabon sil, gefen farfela ya ɗan ci, yana son a duba tazararsa, kuma ina so in sake karanta buji a watan Afrilu in ruwa bai ja baya da yawa ba. Baba ya ce zai aiko mini da labarin zurfinsa bayan azumi.

Da muka dawo na tashe shi na 'yan daƙiƙu ya tofar da ruwan salansa, na rufe makunnin mai, na ɗiga man inji a kowace silinda, na mayar da buji. Ragowar lita shida da ke tanki na juye wa yarona a motonsa, domin ba zan bar mai ya sake kwana wata uku a cikin kafiretocin nan ba. Mun ja masa tamfol. Gobe da safe zan cire sandar cok in auna ta.